Shuɗiyar Tawada a Yatsan Baba

Shekaranjiya wani tsoho ya zo ofishinmu karɓar takardar filinsa. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta buɗe ɗan gwangwanin nan mai soso da shuɗiyar tawada, ta tura masa ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Baba, dangwala nan." Ni wucewa kawai nake yi zan shiga nawa ofishin, amma warin tawadar ya tare ni a hanya. In ka taɓa shaƙarsa ka san shi, wari ne irin na maganin asibiti da aka manta a rana. Na shiga na turo ƙofa, na zauna, na kasa buɗe fayil ko ɗaya har aka kira azahar. Fiye da shekara arba'in ke nan ina kauce wa warin nan, yau dai na ga gara in faɗa maka dalili, ko na ji sanyi a raina.

A Koki aka haife ni, a wani gidan ƙasa mai zaure biyu. Kakanmu daga Barno ya zo, kuma kayan da ya shigo Kano da su ba su wuce buzu da gafaka da alƙaluma ba. Sana'ar gidanmu ke nan, rubuta Alƙur'ani, ba a duba wani a kwafa ba, da ka ake zubo shi tun daga farko har ƙarshe. Mutanen unguwa Alaramma suke ce wa mahaifina, mu kuwa Baba muke cewa. Zaure na biyu nan ne wurin aikinsa. Da hantsi zai shimfiɗa buzu ya juya wa ƙofa kafaɗa don haske ya sauka kan takarda, ya jera kurtun tawada uku a damansa: baƙa ta haruffa, ja ta wasula, rawaya ta ado. Daga nan gidan ya yi tsit. Ba ka jin komai sai ɗan ƙaran alƙalami a kan takarda, da kukan tattabarun maƙwabta a kan soro.

Da kaka, in an gama yankan gero, shi da kansa yake fita bayan ganuwa ya zaɓo gambar da zai fere alƙaluma da ita. Tawadar takarda kuwa Inna, mahaifiyarmu, ita ke dafa masa da bagaruwa da ƙaro a wata 'yar tukunya da ba a taɓa sa mata miya ba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshinta, ɗan ɗaci-ɗaci da ƙauri. Kuma Baba yana da wata ƙa'ida da kowa a gidan ya sani. Ba ya taɓa takarda sai da alwala, ba ya kuma taɓa ta da hannu mai tabo. Kafin ya zauna sai ya ɗaga yatsunsa goma a haske ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon manja ya gani a gefen farce, to ranar babu rubutu. Saboda haka ne ma ya daina cin goro tun yana saurayi.

Mu biyu ne maza a gidan, ni da Yaya, wanda ya ba ni shekara biyu. Yaya tun yana ƙarami hannunsa ya faɗa, in ya yi rubutu a allo manya kan tsaya su duba. Ni kuwa Allah ya ba ni kai kamar rariya, abin da aka biya mini da safe kafin la'asar ya tsiyaye, rubutuna kuma ka ce kaza ce ta yi tono a kan allon. To, ranar da mai unguwa ya zo zaurenmu ya ce an ba da umarni kowane gida ya kawo yaro ɗaya makarantar boko, Baba bai yi dogon tunani ba. Wa zai ba da mai kyan hannu? Ni aka miƙa. Matan unguwa har shigowa suka yi suna yi wa Inna jaje, kakata kuwa ta samu abin tsokana, duk inda ta gan ni da gajeren wando sai ta ce, "Na fasa auren, ba na son miji mai ƙwauri a waje." Ka ga ke nan ba don hazaƙa aka zaɓe ni ba. Ni ne wanda gidan zai iya rasawa ba a yi asara ba.

Sai ga shi bokon ya karɓe ni. Kan da ya ƙi riƙe hadda ya riƙe lissafi da Turanci, ban san dalili ba. Kafin in kai aji huɗu ni ke karanta wa rabin layinmu wasiƙa da takardar asibiti. Dattawan da ba su taɓa sanin ina duniya ba suka fara aikowa a kira ni. Nan fa kaina ya soma kumbura, na soma tafiya ina ɗaga kafaɗa, ina gyara wa mutane yadda ake faɗin sunan magani.

A makaranta kuma na gano wani abu da ba a rubuta shi a allon aji ba, amma kowane yaro ya haddace shi. Mu kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan ma'aikata, waɗanda in aka ba da katin sakamakon jarrabawa a kai gida, sukan dawo da shi da sa hannun biro mai doguwar jela. Akwai kuma mu, 'ya'yan malamai da majema da maɗinka, da muke dawo da namu da dangwalen yatsa ko mu dawo da shi fayau. Malamai sun san sunayen iyayen kashin farko, sukan ce a gaishe su. Namu iyayen ba a tambayar lafiyarsu.

A aji biyar na zo na ɗaya, na kai wa Baba katin ina rawar ƙafa. Ya sa na karanta masa komai, ya yi murmushi, ya tambayi inda uba ke rubuta suna. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa da irin rubutunsa na Alƙur'ani, har ya bi shi da jar tawada ya sa wasula. Wallahi a idona ban taɓa ganin kati mai kyan wannan ba. Washegari malamin ajinmu ya karɓa ya duba, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Kai, sa hannu aka ce a yi maka, ko laya?" Ajin ya kwashe da dariya har da masu buga tebur. Daga ranar sunana ya koma Ɗan Laya, kuma sunan ya bi ni har na bar makarantar. Ban taɓa gaya wa Baba ba. Katin da ya biyo baya, bayan ajinmu na zagaya na yi masa 'yar jela da biro da hannuna.

Da muka gama firamare na ci jarrabawar shiga kwalejin gwamnati ta kwana. A duk layinmu ba a taɓa samun wanda ya ci ba. Wanda ya shiga can, kowa ya sani, ya kama hanyar zama wani abu; wanda ya rasa kuwa, sai ya nemi tebur a kasuwa. Sai dai akwai sharaɗi. Dole uba ya je ofishin ilimi da ƙafarsa a ranar da aka sa, ya sa hannu a fom a gaban akawu. Yara kuma suka yi ta yaɗa cewa akwai dogon jerin masu jiran gurbi, fom ɗin da aka ga kuskure a ciki jefar da shi ake yi a kira na gaba. Ban san gaskiyar maganar ba, amma ta zauna mini a ciki. Duk inda na juya, katin nan nake gani a sama a hannun malamin ajinmu, ina jin dariyar.

Ana gobe za mu je, bayan la'asar, na ga Baba ya zaɓi gamba mafi kyau a cikin daminsa yana fere ta a hankali. Ya gwada bakin a farcensa, ya ƙara gyarawa, ya ɗaga a haske. Ya zuba tawada a wani ɗan ƙaramin kurtu ya toshe bakin da tsumma. Ya ce wa Inna, "Takardar gwamnati ce, ba a je mata da tsohon alƙalami." Ina tsaye ina ji. A nan ya kamata in buɗe baki in gaya masa abin da ke cina, amma sai na shige ɗaki.

Farkon damina ne, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya naɗa rawani, muka kama hanya a ƙafa muna tsallake kwatami. Ban manta tafiyar nan ba. A cikin lungunan Koki ba ma yin taku ashirin sai wani ya cire takalmi ya durƙusa: "Allah ya gafarta Malam." Mahauta, masu shago, har da wani attajiri da ya sauko daga kan kekensa. Baba kan amsa, ya nuna ni ya ce, "Ɗan boko za a kai gaba, a sa mu a addu'a." Da muka fita ta Ƙofar Wambai gaisuwar ta fara raguwa. Kafin mu isa unguwar ofisoshi ta ɗauke ƙaf. A bakin ofishin ilimi masinja ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Tsoho, koma can kan benci, kada ka tare hanya." Baba ya koma ya zauna, ya tattare rigarsa.

Mun daɗe a layi. Gabanmu wani mutum ne mai kwat da ɗansa, ya zaro biro daga aljihun ƙirji ya yi jelar nan tasu cikin ƙiftawar ido, akawu har da miƙewa tsaye ya ba shi hannu. Sai aka zo kanmu. Akawun matashi ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ga alama ya gaji. Ya cike sunana da unguwarmu, ya zo layin ƙarshe. Bai dubi Baba ba, ni ya duba, ya tambaye ni da Turanci ko mahaifina ya iya rubutu. Na ga hannun Baba ya riga ya shiga aljihu inda alƙalamin yake. Na amsa da Turanci, don kada Baba ya ji, na ce a'a, bai iya ba.

Akawu ya jawo gwangwanin shuɗiyar tawada ya buɗe, ya koma Hausa, da ƙarfi kuma, yadda ake yi wa kurma magana: "To Baba, yaro ya ce ba ka rubutu. Kawo babban yatsa."

Baba ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Kallo ne na wanda yake son ya tabbatar ya ji daidai. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Can sai na ga hannunsa ya fito daga aljihu babu komai a ciki. Akawu ya kama masa yatsa kamar na jariri, ya danna a soso, ya danna a takarda, ya murza hagu da dama. A layin da aka tanada don ilimin uba ya ja ɗan gajeren layi, alamar babu.

Ga abin da ya fi ci mini rai har gobe. Muna tsaye a gefe ina jiran a ba ni takardar shaida, sai na bayanmu ya matso, wani mai sayar da goro da ɗansa. Akawu bai ma tambaye shi ba, shi ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami, wani karkataccen rubutu da ko nawa ya fi shi. Akawu ya buga hatimi ya ce na gaba. Ko kallo bai yi ba. Ashe ana karɓa. Ashe ba wanda ya nemi in yi abin da na yi, ni da tsorona ne kawai.

A hanyar komowa Baba yana gaba ina baya. Ya riƙe hannun damansa nesa da jiki don kada ya ɓata farar rigar, babban yatsan a miƙe. Da muka shigo gari aka dawo da durƙuso da gaisuwa, sai ya riƙa amsawa da baki kawai, ya sa hannun a bayansa. Haka muka iso ƙofar gida. A zaure ya tsaya ya ce, "Allah ya sa albarka a karatun." Ya shige.

Tawadar ofis ba irin tamu ba ce da ruwa ke ɗauka. Inna ta goga da sabulu, ta goga da toka, ta matse lemon tsami, tabon ya ce yana nan. Kwana uku Baba yana fitowa da hantsi ya shimfiɗa buzu, ya ɗaga yatsunsa a haske, ya mayar da takardun cikin gafaka ya zauna yana jan carbi. Kwana uku ba a ji ƙaran alƙalami a gidanmu ba, abin da ko rashin lafiya ba ta taɓa jawowa ba. Inna ta tambaye shi yadda aka yi, ina jinsa daga tsakar gida ya ce, "Haka tsarinsu yake." Yaya ne ya ɗauko rigar zai kai wanki, ya zaro sabon alƙalamin daga aljihu, bakinsa fari tas bai taɓa tawada ba. Ya juya shi a hannu, ya dube ni, ya ce, "Ba su bar shi ya rubuta ba ne?" Na ce ban sani ba, ina waje lokacin. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farkon sauƙin fita.

Na tafi kwaleji, daga nan jami'a, daga nan aiki. Hawa ɗaya bayan ɗaya, har ga ni yau da mota da direba da gida a bayan gari inda ba a jin kiran sallar masallacin unguwarmu. Yaya kuwa ya sauke, ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka kamar Baba. Amma kafin ya kai ƙarfinsa bugaggen Alƙur'ani ya cika kasuwa, masu sayen na hannu suka yi ƙaranci. Ya taɓa neman koyar da yara karatun addini a wata firamare, aka ce ya kawo takardar shaida. Ya ɗauki Alƙur'anin da ya rubuta ya kai musu, suka yaba ƙwarai, suka ce ba ita ake nufi ba, amma akwai gurbin mai gadi in yana so. Yanzu robobi da bokitai yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai. In fom ɗin makarantar 'ya'yansa ya taso, ofishina yake kawowa, ya zauna a benci sai an yi masa iso. In ya shigo yakan ce, "Ranka ya daɗe," yana dariya. Na san wasa yake yi, amma ban taɓa iya taya shi dariyar ba. Shi ne mai kan, shi ne mai hannun. Bambancina da shi kawai, nawa karatun yana da hatimi.

Shekarar da Allah ya hore mini na biya wa Baba kujerar Makka, ni na kai masa takardun har zaure. Ya tsufa, amma hannunsa bai fara rawa ba, ranar ma rubutu na tarar yana yi. Na durƙusa na nuna masa wurin sa hannu, na miƙa masa biro, har ina jin daɗi a raina cewa yau zan gyara ɓarnata ba sai an yi magana ba. Bai karɓa ba. Ya ajiye alƙalaminsa, ya miƙo mini babban yatsa ya ce, "Ina tawadar taku?"

Na ce, "Baba, rubutawa za ka yi. Ana karɓar ajami. Tun can ma ana karɓa."

Ya ce, "Na sani. Ai na ga mai goro."

Na ce, "To me ya sa ba ka yi magana ba ranar?"

Ya kalli yatsan. Sannan ya ce, "Ka riga ka gaya wa mutumin ban iya ba. In na zaro alƙalami, ɗana ya zama maƙaryaci a gaban hukuma tun bai shiga makarantar ba. Wa zai ɗauki maƙaryaci? Na ga gara a rubuta ni jahili." Ya sake miƙo yatsan. "A takardunsu haka nake tun ranar. Bar shi a haka, kada magana ta zama biyu."

Na yi kuka a zauren nan da girmana, ina uban 'ya'ya. Na roƙe shi gafara, ya ce ai ya yafe tun kafin mu iso Ƙofar Wambai, in tashi kada yara su shigo su gan ni. Amma biron bai karɓa ba. Sai da na aika aka samo gwangwanin tawada, na kama yatsan mahaifina da hannuna na danna. Ya sake yin kwana uku bai yi rubutu ba.

Shekaranjiya, bayan na idar da azahar, na fito neman tsohon nan mai takardar fili, na tarar ya tafi. Na sa aka kawo mini fom ɗinsa. Ga dangwalen nan shuɗi, ya ɗan karkace. Wataƙila bai iya kowane irin rubutu ba. Wataƙila kuma a unguwarsu cire takalmi ake yi kafin a gaishe shi. Ban sani ba, don ba wanda ya tambaye shi. Na yi wa ma'aikaciyar faɗa, ta tsaya tana kallona cikin mamaki, ta ce, "Yallaɓai, ai haka muka tarar ana yi." Gaskiyarta. Shekara nawa ina shugabancin sashen nan, fom ɗin yana bi ta kan teburina kullum, ban taɓa cewa a canza ko layi ɗaya ba.

Da na koma gida na yi alwala, na sauko da gafakar da ta zama rabona bayan rasuwar Baba. Alƙur'ani na ƙarshe da ya rubuta ne a ciki. 'Ya'yana ba sa iya karanta irin rubutun, ni ma sai ina bi da yatsa ina tuntuɓe. Na buɗe shafin ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa ya roƙi wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ga sunan nan, nasa da na mahaifinsa, baƙi da jan wasali, daidai yadda ya taɓa rubuta mini a katin aji biyar. Na ɗaga yatsuna a haske na duba su ɗaya bayan ɗaya kafin in taɓa wurin. Mai wannan hannun ne na ce wa gwamnati bai iya rubutu ba, kuma har ya koma ga Allah bai ƙaryata ni ba.